Butar da Ta Faɗo Bayan Lutfi

A layinmu na Muharram Bek, cikin birnin Iskandariya, idan gardama ta yi tsawo har bakuna suka gaji, akwai maganar da ake kashe ta da ita: "To, a je a tambayi Sitt Inayat mana." Ba don ta san komai ba. Don dai ba a taɓa jin ta ce ba ta sani ba, kuma abin haushin shi ne, sau tara cikin goma ita ke da gaskiya.

Shekara talatin da uku ta yi tana aiki a ofishin tarho na Iskandariya, tun zamanin da sai ka roƙi wata mata kafin ta haɗa ka da Alƙahira. Abu biyu ta fito da su daga aikin: ciwon wuya, da kunnen da ko tururuwa ta gifta sai ya ji. Mijinta, Ustaz Fikri, mai duba tikiti ne a tiram, jirgin ƙasan cikin gari, mutum mai sanyin hali, wanda ya gano tun a shekarar farko cewa "haka ne, Inayat" ta fi kowane magani kawo zaman lafiya. Da wannan kalma ya rayu har Allah ya karɓi abinsa. Ba su haihu ba. Abin da ya cika gidan butoci ne.

Ba irin na roba da ake alwala da su ba. Butocin tangaran ne na kicin, tsofaffi, masu mariƙi da ɗan baki, waɗanda ake zuba madara ko mai ko ruwan lemo a ciki a kai kan tebur. Ta farkon ba saye ta yi ba. Wata maƙwabciyarsu Bagirkiya, Madam Katina, ita ta kawo wa mahaifiyar Inayat ajiyarta a shekarar da Girkawa suka yi ta ɗaure kaya suna barin gari, ta ce a riƙe mata kafin ta dawo. Fara ce mai zanen ganyen zaitun, tana cin madarar mutum huɗu. Madam Katina ba ta dawo ba, ko wasiƙa. Inayat ta gaji ajiyar, daga nan kuma ta fara lura cewa garin cike yake da irinta: Girkawa da Italiyawa da Armeniyawa sun tafi da zinariyarsu, sun bar wa masu gadi da masu wanki kayan kicin. Ta shiga bin su ɗaya bayan ɗaya, daga shagunan tsofaffin kaya na Attarin zuwa Kasuwar Juma'a. Daga baya ta haɗa da namu na gida, masu ruwan ƙasa na Fustat da shuɗɗan Garagos masu zanen kifi. Lokacin da nake ba da labarinsa sun haura ɗari biyu, jere a kan katakai daga ƙasa har rufi, a falo, a kicin, har saman ƙofar banɗaki.

Gwaji uku take yi wa buta, kuma ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba. Za ta ɗalle ta da farce ta kara a kunne; mai lafiya tana da amo mai tsawo, mai tsaga kuwa amonta a shaƙe yake. Za ta kifa ta ta duba gindi, inda maginin ya yanke ta daga kan faifai. Sannan ta ce a kawo ruwa ta zuba ta tsiyaya. "Butar da ke dalala ba buta ba ce," in ji ta, "kwalliya ce, ku ba amarya." Dillalan Attarin idan suka hango baƙar jakarta daga bakin layi sai su fara tura sababbin kaya ƙarƙashin tebur. Akwai wanda ya taɓa rantse mata da kabarin ubansa cewa butarsa ta girmi Sarki Fu'ad, tsohon sarkin Masar. Ta ɗalle ta sau ɗaya, ta ce masa ya bar uban nasa ya huta, bai yi masa laifin komai ba.

Wannan baiwa ce ta raba ta da ƙaninta.

Lutfi shi kaɗai ya rage mata a duniya cikin waɗanda suka sha nono ɗaya. Ta ba shi shekara shida, ita ta goye shi, ita ta raka shi makaranta ranar farko. Malamin lissafi ne da ya yi ritaya, yana zaune a unguwar Bakus da matarsa Samiha. Ranar baikon 'yarsu Nirmin, Samiha ta fito da wata shuɗiyar buta cike da jan sharbat, ta ajiye a gaban dangin ango, ta ce da uwar angon cikin murmushi, "Ta kakata ce, daga Istanbul ta zo da ita."

Ba wanda ya dubi Inayat, ba wanda ya nemi ra'ayinta. Amma hannunta ya riga hankalinta isa. Ta ɗauka, ta ɗalla, ta leƙa gindi.

"Kakarki ta yi tsawon rai ke nan," ta ce, "don wannan ba ta kai shekara biyar da fitowa daga wuta ba. A kasuwar Manshiyya ake sayar da su, dozin-dozin."

Samiha ta tsaya da faranti a hannu, fuskarta ta koma kalar sharbat ɗin. Auren dai bai fasu ba, Allah ya rufa asiri. Washegari Lutfi ya hau benen yayarsa.

"Abla," ya ce, don haka yake kiranta tun yana yaro, kamar yadda ake kiran babbar yaya, "ki zo ki ba Samiha haƙuri."

"In ba da haƙuri don na faɗi gaskiya?"

"Ba wanda ya tambaye ki."

"Butar ta tambaye ni."

Ya dube ta, ya ɗauki hularsa, ya sauka. Shekara tara ƙafarsa ba ta sake taka wannan matakala ba. Ba gaba suke yi ba, ba kuma shiri ba. Suna haɗuwa wurin ta'aziyya su gaisa, ranar Salla ya buga waya ta minti biyu. Inayat na kewarsa kamar ta mutu, wannan kowa a layin ya sani, don duk Alhamis sai ta dafa mulukiyya, wato miyar lalo, da zomo, abincin da ya fi so, ta ƙare da rarraba wa maƙwabta. Amma ta ɗauki jaka ta tafi Bakus? Ai sai dai butar ta tsufa ta zama ta kakar Samiha da gaske.

Sai ga shi wata Alhamis da hantsi, da kwalin kayan zaƙi na basbusa a hannu, yana haki a bakin ƙofa.

Murnar da Inayat ta yi ba ta misaltuwa. Sai dai wasu mutane murnarsu ba ta san hanyar fita ta ƙofa ba, sai ta taga. Da wata ce, da ta rungume shi ta yi kuka. Ita kuwa ta zaunar da shi, ta ɗora gahawa, sannan ta tuna cewa akwai butocin shekara tara da bai taɓa gani ba. Ta fara sauko da su.

"Ka ga wannan? Gidan wani likita Ba'armene, a Ibrahimiyya. Matar mai gadin tana jiƙa wake a ciki, ka ji rashin imani."

"Ta yi kyau. Abla, dama akwai maganar da..."

"Tsaya, ba ka ga komai ba. Riƙe wannan. Da hannu biyu, Lutfi, ba alli ba ne. Ɗalle ta. Ka ji? Ka ji yadda take amsawa?"

"Na ji."

"Ba ka ji ba, kai dama tun kana yaro kunnenka na ado ne."

Ya yi dariya, ita ma ta yi, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Awa biyu suka yi a haka. Gahawarsa ta huce, ta sake wata, ita ma ta huce. Daga ƙarshe ta hau kujera ta sauko da wadda take kira sarauniya: koriya shar, mai dogon wuya, aikin wani magini na Fustat da ya rasu tun kafin a haife su. Shekara goma sha biyu tana hannunta. "Ko ƙwarzane babu," ta ce. "Daga baki har gindi yadda ta fito daga wuta. Irinta uku suka rage a Masar, sauran biyun kuma an yi musu gyara."

Da aka kira azahar ya miƙe. Sai da ya kai bakin ƙofa, hannunsa a kan ƙarfen matakala, sannan ya samu sararin da zai sa maganarsa.

"Za mu tafi wurin Nirmin, a Kanada. Takardu sun fito. Nan da kwana goma sha biyar."

"Ziyara?"

"Zama, Abla. Mun sayar da gidan."

Matar da ba a taɓa ƙure ta da magana ba, sai ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "An ce sanyi ake yi can. Ka nemi rigar ulu." Ya ce to. Ya ɗan tsaya, sannan ya fara sauka a hankali, tana jin takunsa hawa bayan hawa.

A nan ne ta tuna da mahaifiyarsu. 'Yar Halab ce, ta ƙasar Sham, kuma ta zo da al'adar garinsu: duk ranar da mahaifinsu zai yi tafiya, sai ta bi bayansa da ruwa ta kwarara a bakin ƙofa, don ya tafi lafiya ya dawo kamar yadda ruwa ke dawowa. Inayat ta juya da gudu. Butoci fiye da ɗari biyu ne a gabanta, amma ƙaninta guda ne, ba za ta yi masa da ta jiƙa wake ba. Ta suri sarauniya daga kan tebur, ta cika ta a famfo, ta fita baranda. Hawa na biyu take. Ga Lutfi ya fito daga ƙofar gidan, ya yi taku huɗu ko biyar a kan titi. Ta miƙa hannu ta kan ƙarfen baranda, ta karkata butar.

Mariƙin ya zauna a hannunta. Sauran ya tafi.

Ƙarar da ta yi a kan kwalta har masallacin bakin layi an ji ta. Ta tarwatse taku biyu a bayan Lutfi, ruwa ya fantsal masa a wando.

To, mu nan ko yaron goye ya san ma'anar wannan. Idan baƙon da aka gaji da shi ya juya baya, ko azzalumin maigida ya tashi daga unguwa, tulu ake fasawa a bayansa, wato Allah raka taki gona, kada ƙafarsa ta sake takowa. Ba zagin da ya kai shi, don shi zagi iska ke ɗauke shi, wannan kuwa sai an zo da tsintsiya.

Inayat ta ƙwalla ƙara: "Wayyo butata!" Ta sauko benen nan kamar 'yar shekara ashirin, ba takalmi, ta durƙusa a tsakiyar titi tana tsince gutsattsarin tana zubawa a gefen rigarta. Wuyan ya rabu uku. Gindin yana nan ɗungurungum. Wani yanki ya gangara ƙarƙashin motar da aka ajiye, ta kwanta ta zaro shi. Da ta ɗago kai, Lutfi ya riga ya sha kwana.

Amm Shahata mai guga, wanda shagonsa ke kallon ƙofarta, ya cika baki da ruwa zai fesa wa rigar wani, ganin abin da ya faru ya sa ya haɗiye.

"Ya Sitt Inayat! Ƙaninki ne fa! Ciki ɗaya!"

"Na ce maka ba ƙanina ba ne?"

"Wallahi ko Turawan Ingila da suka tafi ba a fasa musu mai tsada irin wannan ba."

Sai a lokacin ta ga mata a tagogi, ta gane abin da layin ya gani. Ta miƙe da gutsattsari a riga, ta gyara tsayuwa.

"Kai Shahata, shekararka nawa a duniya? Ka taɓa ganin tulu mai mariƙi? Tulu ake fasawa, na ƙasa, marar ƙyalli, irin na Ƙina da ake sanyaya ruwa a taga. Wannan buta ce. Buta daban, tulu daban. Ruwa zan zuba masa don ya dawo."

"Haka ne, ya Sitt," in ji Shahata, yana mai da dutsen guga kan wuta. "Sai dai ƙarar iri ɗaya ce."

Kafin la'asar labari ya kai kasuwar kifi. Inayat ba ta damu da kasuwar kifi ba. A ganinta jahilci ne, kuma jahilci bayani yake so. Ta ɗauki waya ta buga Bakus. Samiha ta ɗauka, ta ce ya fita. Da safe ta sake bugawa, an ce yana barci. Ta uku aka ce yana wanka. Matar da ta yi shekara talatin da uku tana sauraron muryoyi a waya ta san numfashin mutumin da ke tsaye kusa da mai magana. Tana jin na Lutfi sarai.

A rana ta uku ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera gutsattsarin, ta ɗauko tabaran ƙara girma. So take ta san dalilin da buta mai lafiya za ta saki mariƙinta. Ba ta daɗe tana nema ba. A inda mariƙin ya rabu da jiki akwai wani abu rawaya, busasshe, mai ƙyalli kamar ƙaro. Gam ne. An taɓa karya mariƙin tun tuni, aka liƙa, aka bi da koren fenti da gwaninta, aka sayar wa Sitt Inayat ta Muharram Bek a matsayin wadda ko ƙwarzane babu. Jikin ta ɗalla, jikin kuwa lafiyarsa ƙalau. Ruwan gwaji rabin kofi ta zuba. Ba ta taɓa cika ta ba sai ranar, don tana ganin ta fi ƙarfin aiki.

Shekara goma sha biyu tana nuna wa mutane gyararriyar buta tana yi wa nasu dariya. Ta zauna a gaban teburin har shayinta ya yi fata. Abin ya yi mata ciwo, ciwo na gaske, irin wanda ba a gaya wa maƙwabta. Dillalin ya daɗe da mutuwa, balle ta je ta ci kwalarsa. Amma Inayat ba mai zama cikin kuka ba ce. Can sai ta ga ai ga hujja ta samu. Wanda ya jefa buta da gangan ba ya rage mariƙi a hannu. Ga mariƙi, ga gam. Abin da za ta biya shi ne ta tsaya a gaban Samiha, Samiha fa, ta ce an cuce ta, ita ma ba ta gane ba. Ta auna wannan da ƙaninta, ta ga ƙaninta ya fi nauyi, ko da yake ba da nisa sosai ba. Ta naɗe mariƙin a hankici, ta sa a baƙar jaka.

Washegari ta hau tiram zuwa Bakus, tana maimaita jawabinta a zuci tun daga tasha har tasha. Ta tsara shi kashi uku, kamar gwajin buta.

Samiha ce ta buɗe ƙofa, da ɗankwali ɗaure a ka da igiya a hannu. Falon duk kwalaye ne, bangon ya yi fari-fari a wuraren da aka cire hotuna. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi furfura. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma tsuke fuska ba.

"Shigo, Abla. Ki yi haƙuri da wurin, kujera ɗaya ta rage."

Inayat ba ta zauna ba. Ta kwance hankicin a kan wani kwali.

"Umm Nirmin," ta kira Samiha da sunan 'yarta, "ki duba nan da idonki. Na farko, wannan mariƙi ne, tulu kuwa ba shi da mariƙi. Na biyu, kin ga wannan rawayan? Gam ne. Gyararriya ce. An cuce ni, shekara goma sha biyu ban gane ba." Ta nuna ƙirjinta da yatsa. "Ni, Inayat, ban gane ba. Ki faɗa wa duk wanda kika ga dama. Na uku..."

"Abla, mayar da abinki jaka."

"Ban gama ba."

"Na san ba jefawa kika yi ba. Tun ranar na sani. Ke da za ki jefa buta daga bene ai gara ki jefa kanki. Shi ma ya sani. Ya ga ruwan, ya tuna da Mama, ya gane abin da kika so yi tun kafin ya juyo."

Inayat ta dubi mariƙin da ke kan kwali. An ƙwace mata kashi na uku, an kuma mayar mata da na biyu ba a ko taɓa shi ba.

"To me ya hana shi ɗaukar waya?"

Samiha ta ajiye igiyar. Ta yi magana a hankali, ba da zafi ba, wanda da zafin ne ma da ya fi sauƙi.

"Ya ce da ya ji ƙarar ya juyo, ya ɗaga kai ya gan ki a baranda da mariƙi a hannu, har dariya ta kama shi. Ya tsaya yana jira ki dube shi ku yi dariyar tare. Sai ya ji kin ce wayyo butata. Kika sauko, kika wuce shi, kafaɗarki har ta goge shi. Ya ce yana tsaye a kanki kina tsince-tsince, wandonsa a jiƙe. Da kan nasa ta faɗo fa, Abla? Taku biyu ne. Ya ƙirga har hamsin, kin san shi da lissafi. Ba ki ɗago ba. Shi ne ya tafi."

Inayat ta mai da hankalinta kan ranar. Ta tuna kwaltar, ta tuna yankin da ya shiga ƙarƙashin mota, ta tuna har lambar motar. Ta kuma tuna wasu baƙaƙen takalma a gefen idonta, da bakin wando mai ɗigar ruwa. Ta gan su sarai a lokacin. Kewaye su ta yi don ta ɗauko wani yanki na wuyan butar.

Kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da aka haife ta.

"Yana ina?"

"Yana ciki, yana ta fama da littattafai. Kilo ashirin da uku aka ce a shiga jirgi da shi, shi kuma yana so ya tafi da kabad guda."

Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta juyo.

"Samiha. Butar nan ta ranar baiko."

"Ta Manshiyya ce. Ni na sayo ta da kaina, ana jibi baikon." Samiha ta ɗaga kafaɗa. "Kakata ko cokali ba ta bari ba. Su kuma mutanen sun zo da zobban gado, kowa na cewa na kakata, na kakata. Na so 'yata ma ta samu abin nunawa, ko na yini ɗaya ne."

"Ban yi miki daidai ba."

"Ba ki yi ba," in ji Samiha. "Shiga, kafin ya sa kabad ɗin a akwati."

Lutfi na zaune a bakin gado, littattafai zube a gabansa kashi biyu, na tafiya da na bari. Ya ɗago ya gan ta, ya mai da kai kan littafin da ke hannunsa.

"In bayanin tulu da buta ne, Abla, na ji daga nan. Bangon ba kauri."

"Ba shi ba ne. Ajiye littafin. Juyo in gan ka."

Ya juyo, don ba a taɓa yin ranar da ta ba shi umarni da wannan murya ya ƙi ba. Ta jawo wani kwali ta zauna a gabansa, ta dube shi yadda take duban abin da za ta saya. Awa biyu ya yi a falonta ranar Alhamis, amma sai yanzu ta ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai yanzu ta ga hannunsa na hagu yana rawa a kan gwiwa, yana danne shi da na dama. Gefen bakinsa ya ɗan sauka. A bayan kunnensa akwai 'yar na'urar ji, kunnen da ta ce na ado ne.

"Yaushe wannan ya same ka?"

"Bara waccan. Ƙaramar shanyewar jiki ce, ta sake ni. Shi ya sa Nirmin ta matsa mu koma kusa da ita."

"Ba wanda ya gaya mini."

"Na ce kada a gaya miki. Na so ki gani da kanki." Ya yi ɗan murmushi da rabin bakin da ke aiki sosai. "Ke da ba abin da ke ɓuya miki."

Ta kama hannun mai rawa ta riƙe da hannu biyu. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma yi bayaninsu ba.

"Ka tsufa, Lutfi."

"Shekara tara ina yi a hankali."

"Za ka dawo? Ko da rani ne, wata ɗaya?"

Bai yi mata ƙarya ba; gidansu ba a iya ta ba. "Awa goma sha biyu ne a jirgi, Abla. Likita ya ce in yi sau ɗaya, in gode wa Allah. Ko kogin Nilu kika juye a bayana, ban ga alama ba."

Daga falo ana jin Samiha tana jan kwali a ƙasa.

"Kwana nawa suka rage?"

"Goma sha ɗaya."

Inayat ta saki hannunsa. Ta sunkuya ta cire takalmanta, ta jera su a gindin gado, ta tura baƙar jakar ƙarƙashi da ƙafa. Sannan ta ɗaga murya, muryarta ta kullum, wadda ake ji daga bakin layi.

"Umm Nirmin! A ina zan riƙa kwana? Kuma ki nemo mini rigar aiki, wannan ɗaurin kwalin da kike yi ko tashar jirgi ba zai kai ba."

Samiha ta leƙo, ta dubi takalman, ta dubi mijinta.

"Kwana goma sha ɗaya, Abla? Butocin fa? Ke da ko asibiti aka kwantar da ke sai kin gudo kin duba su. Wa zai kula da su?"

"Bar su," in ji Inayat, tana naɗe hannun riga. "Su ba inda za su."